A fara da saiti kafin a sauya fikof ɗin jita

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da masu sha'awar jitar lantarki, musamman waɗanda suka sayi mai araha suna son inganta ta da hannunsu. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake yawan fara aikin daga ƙarshensa. Mutum zai ji sautin jitarsa bai yi masa daɗi ba, sai ya kwashi kuɗi ya sayo sabon fikof, wato maganaɗisun nan mai naɗin waya da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mayar da shi lantarki. Ya ɗaura, ya kunna, ya tarar tsirkiya na nan tana ƙirƙir a kan ƙarafunan wuya, sauti na zamewa kamar dā. Fikof bai yi laifi ba. Abin da tsirkiya ta ba shi ya ɗauka.

Jita mai araha ta cancanci a wahala a kanta. Tun da Leo Fender, mai kamfanin Fender, ya fito da jitar Telecaster a farkon shekarun 1950, sannan Stratocaster a 1954, ya tsara su ne yadda za a kwance wuya da sukurori huɗu a ɗaura wani, kuma mafi yawan masu arahar yau, irin su Squier da Yamaha Pacifica, a kan wannan tsari suke. Katakon jikin galibi ba shi da aibu. Inda masana'anta ke rage kashe kuɗi shi ne lokacin da ma'aikaci zai zauna ya daidaita kowace jita ita kaɗai, sai kuma ƙananan kayan lantarki. Duka biyun mai haƙuri zai iya gyarawa a kan tebur.

Abu ɗaya ne ba ya gyaruwa cikin sauƙi: wuyan da ya murɗe. Kafin a kashe ko sisi, a ɗaga jitar a leƙa wuyan daga kansa zuwa jiki, a duba gefe biyun. In duka sun ɗan lanƙwasa iri ɗaya, ba komai. In gefe ɗaya ya lotsa ɗayan ya yi tozo, wannan sai sabon wuya, kuma a ganinmu gara a haƙura da jitar.

Saiti yana da jeri, kuma in aka saɓa jerin sai an maimaita aiki. A fara sa sababbin tsirkiyoyi masu kaurin da za a ci gaba da amfani da shi, ko 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46, domin kowane kauri da irin jan da yake yi wa wuya. A ɗaure su daidai sauti. Daga nan a danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko (firet su ne ƙarafunan nan da ke jere a kan wuya) da kafo, wato matsewar da ake maƙala wa wuya ta danne tsirkiyoyi, a danne ta da yatsa a firet na ƙarshe, a auna ratar da ke tsakaninta da firet na 8. Ana son kimanin milimita 0.25. Ma'aunin siririn ƙarfen da makanikai ke auna bakin fulogi da shi ya isa wannan aiki. In ratar ta yi yawa, a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya ta hanyar juya notinta dama. In babu rata sam, a sassauta hagu. Kada juyin ya wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, a sake ɗaure tsirkiya, a dakata wuyan ya zauna, a sake aunawa. A yi amfani da alanki mai shiga daidai, domin wanda ya yi sako-sako zai cinye bakin notin. In notin ya cije, a tsaya. Ƙarfin tsiya a nan shi ke karya sandar, kuma karyewarta ita ce mutuwar wuyan.

Bayan wuya sai tsayin tsirkiya. A firet na 12, milimita 2 a ƙarƙashin mai kauri da kimanin 1.6 a ƙarƙashin siririya wuri ne mai kyau na farawa. Ana ɗagawa ko saukewa ne da ƙananan sukurorin da ke kan sirdin kowace tsirkiya a jakin jita, inda tsirkiyoyin ke hawa kafin su shige jiki. Mai bugu da ƙarfi ya ɗan ɗaga, mai laushin hannu ya sauke. A kula siradan su bi lanƙwasar fuskar wuya, na tsakiya su ɗan fi na gefe tsayi.

Na ƙarshe shi ne daidaita tsawo. A buga tsirkiya a sake, a tabbatar da na'urar saita sauti ko manhajar waya cewa ta yi daidai, sannan a danne ta a firet na 12 a sake bugawa. In sautin ya haura, a ja sirdin baya tsirkiyar ta ƙara tsawo. In ya gaza, a matso da shi wajen wuya. Bayan kowane juyi sai an sake ɗaure sauti. Tsohuwar tsirkiya mai tsatsa ba ta saituwa, kada a ɓata lokaci a kanta.

In an gama wannan kuma ƙirƙir ɗin na nan a wuri ɗaya tak, to wani firet ne ya fi 'yan'uwansa tsayi. A samo ɗan miƙaƙƙen ƙarfe, ko gefen katin roba, wanda zai hau firet uku kacal, a bi wuyan da shi. Inda ya yi lilo, na tsakiyan ne ya ɗago. Sau da yawa bai zauna a raminsa ba ne, ɗan bugu da guduma mai kan roba zai mayar da shi. In ƙarafunan da yawa ne ba su daidaita ba, goge su baki ɗaya da sake zagaye kansu aiki ne da ya kamata a fara koya a kan wuyan da aka riga aka fid da rai da shi. Bakunan firet masu yankan hannu kuwa suna fitowa ne idan iska ta bushe katako ya tsuke ya bar ƙarfe a waje. A rufe katakon da salatif ɗin takarda, a bi bakunan da ƙaramin magagari a hankali, a gama da samfefa mai laushi.

Yanzu ga wurin da muke so a fi tsayawa: matashin da tsirkiyoyi ke bi ta kansa a saman wuya. Yawancin kukan da ake yi cewa jita ba ta riƙe sauti daga nan yake, amma sai a ɗora wa kunnuwan ɗaure tsirkiya. Alamar a fili take. Kana murɗa kunne sauti bai motsa ba, can sai ka ji ƙyas, ya yi tsalle ya wuce inda kake so. Tsirkiya ce ta maƙale a tsagar matashin roba mai taushi. A goga bakin fensir a cikin tsagar, sau da yawa shi ke nan. In bai yi ba, a sauya matashin da na ƙashi ko na girafait. A auna faɗinsa, wanda kan kama milimita 42 zuwa 43, a duba ko gindinsa miƙaƙƙe ne ko lanƙwasasshe. Kafin a cire tsohon a tsaga fentin gefensa da reza, in ba haka ba zai ɓalle da fenti. Ɗigon gam ɗin katako biyu ya isa ya riƙe sabon. Wanda ya malala masa sufagulu ya cuci mai gyaran gaba. Zurfin tsaga kuma ga gwajinsa: a danne tsirkiya a firet na 3, ratar da ke kan firet na farko ta zama kamar kaurin takarda. In ta fi haka, sautukan farkon wuya za su riƙa haurawa, yatsu su yi ciwo. In babu rata, tsirkiya za ta yi ƙirƙir ko ba a danne ta ba. In ratar ta yi yawa, a rage daga gindin matashin a kan samfefa da aka shimfiɗa a wuri mai lebur, kaɗan kaɗan ana gwadawa, domin abin da aka goge ba ya dawowa.

Kunnuwan kansu a sauya su ne kawai in suna girgiɗi ko juyinsu na tsallake. A auna ramin tukuna: na zamani milimita 10 ne, na tsohon yayi ya fi haka ƙanƙanta. Wajen naɗa tsirkiya a kan kunne kuma, naɗi biyu zuwa uku ga tsirkiya mai kauri, huɗu zuwa biyar ga siririya, kowane naɗi a ƙarƙashin wanda ya gabata.

Sai a buɗe ciki. Kafin a taɓa waya ko ɗaya a ɗauki hoton yadda aka same su. Kayan aiki su ne ƙarfen narka dalma mai wat 40, dalma mai ƙaro a cikinta, da mitar masu gyaran rediyo. Soket ɗin da igiyar amfilifaya ke shiga shi ya fi saurin lalacewa, kuma dalili ɗaya ne: notinsa ya kwance, mai jita ya ɗaure daga waje ba tare da ya riƙe cikin ba, soket ya juya ya tsinke wayoyi. In an sauya shi aka ji ƙugi mai ƙarfi da ke ƙaruwa idan an taɓa tsirkiya, an juya wayar sauti da wayar ƙasa ne. Mamurɗan boliyom da na kaifin sauti suna da lamba: 250k ga fikof mai naɗi ɗaya, 500k ga hambaka, wato fikof mai naɗi biyu. Lamba mafi girma tana barin sauti ya fi kaifi. Kafasito, ɗan abin da ake maƙala wa mamurɗin kaifin sauti, mai lamba 0.047 ake yawan haɗawa da na farko, 0.022 da na biyu. Wajen haɗa waya a bayan mamurɗi, a kankare wurin da samfefa, a ɗumama ƙarfen kansa har dalma ta kwanta ta yi sheƙi. Dalmar da ta dunƙule ta yi toka-toka ba ta kama ba, za ta yi aiki yau ta yanke gobe. Amma kada a daɗe da ƙarfe a kai, zafi na ƙona abin da ke ciki.

Ƙugin wutar lantarki yana raguwa sosai in aka lulluɓe ramin kayan da bayan farantin robar da ke rufe fuskar jita da salatif ɗin tagulla mai gam da wuta ke bi ta cikinsa. Sai dai dole a haɗa shi da wayar ƙasa, a tabbatar da mita cewa kowane yanki ya sadu da ɗan'uwansa, kuma kada ƙafar wani maɓalli ta taɓa tagullar, domin sauti zai ɗauke ɗungurungum. Fikof mai naɗi ɗaya ba zai yi shiru gaba ɗaya ba, haka halittarsa take. Wannan matsala ce ta sa Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙirƙiro hambaka, wadda ta hau jitar Les Paul a 1957: naɗi biyu masu saɓa wa juna, ƙugin ɗaya na kashe na ɗayan.

Kafin a yanke hukunci a kan tsohon fikof a daidaita tsayinsa. A danne tsirkiya a firet na ƙarshe, a bar kimanin milimita 2.4 a ɓangaren masu kauri, 2 a ɓangaren sirara. In ya matso da yawa maganaɗisu zai ja tsirkiya, sauti ya riƙa rawa yana mutuwa da wuri. In ya yi nisa sauti ya yi rauni. A yi kiɗa da shi haka na wasu makonni. Wanda har yanzu bai gamsu ba ya sauya, amma ya san abin da yake nema: kaifi ne ya yi yawa, ko ƙarfi ne ya gaza? Lambar da mita ke nunawa, kamar 6k ga mai naɗi ɗaya ko 8k ga hambaka irin ta dā, tana ba da haske ne kawai, irin maganaɗisun ma na da tasiri. A leƙa ƙarƙashin farantin a ga ko ramin zai ɗauki hambaka ba sai an sassaƙe katako ba. Launin wayoyi kuma kowane kamfani da nasa: a hambakar Seymour Duncan baƙar waya ce ke ɗaukar sauti, a ta DiMarzio ja ce. In an haɗa fikof biyu aka ji kowanne shi kaɗai lafiya, amma tare sauti ya sirance kamar ta hanci, to ɗaya ya saɓa wa ɗayan, a musanya wayoyinsa biyu.

Gargaɗin da ba za mu gaji da yi ba shi ne awo kafin saye. Kayan da aka ƙera da inci na Amurka sau da yawa ba sa shiga jitar da aka ƙera da milimita. Wuyan mamurɗin Amurka ya kai milimita 9.5, ramin mai araha kuwa kusan 8 ne, sai an faɗaɗa, kuma hular tsohon ba lallai ta hau sabon ba. Tazarar sukurorin jaki ta bambanta, yawan ramukan farantin roba ma haka, wani ramuka 8 wani 11. Wasu masu arahar jikinsu bai kai kauri ba, dunƙulen ƙarfen sabon jaki sai ya leƙo ta baya murfi ya ƙi rufuwa. Wanda zai sauya wuya ya tabbatar tsawon tsirkiya ɗaya ne, domin na Fender milimita 648 ne, na Gibson kimanin 628, kuma in aka saɓa babu saitin da zai daidaita sauti. Ramin sukurun da ya lalace a cusa masa tsinke da gam ɗin katako, in ya bushe a sake hudawa.

A adana tsofaffin kayan a leda, a rubuta inda kowanne ya fito. Ranar sayar da jitar mai saye ba zai biya kuɗin kayan da aka ƙara ba, don haka gara a mayar da tsofaffin, a riƙe masu kyau don jita ta gaba. Cikin jita babu wutar da za ta cutar da mutum matuƙar an zare igiya, amma amfilifaya daban ce, musamman mai kwalabe: kafasitocinta na riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an kashe ta. Kada wanda bai koyi aikin ba ya buɗe ta. In kuma tsirkiya ta taɓa jan mutum yana kiɗa, ya kashe komai nan take, ya kai amfilifayar da wayarta wurin mai gyara kafin ya sake kunnawa.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Wasu masu sha'awar gyaran jita