Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban Halo Studios: a dawo mana da Huragok

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wata halitta da aka zana, aka gina, sannan aka ajiye ta gefe kafin wasan bidiyo na Halo na farko ya fito a kan na'urar Xbox a watan Nuwamba na 2001. Ina nufin Huragok, wadda 'yan wasa suka fi sani da Injiniya.

Yallaɓai ya fi ni sanin tarihin. Lokacin da Steve Jobs na kamfanin Apple ya gabatar da wasan a taron Macworld a 1999, duniyar da kamfanin Bungie, mai ƙera wasan, ke hangowa ta fi wadda ta iso hannunmu faɗi. Microsoft ya sayi kamfanin a 2000, lokaci ya ƙure, dole aka yi ta yanke abubuwa. Dodon da ake kira Drinol ya tafi, wata dabba marar ido da ake kira makahon kerkeci ta tafi, Injiniya ma ta bi sahu. Sai dai ita ba a share ta kwata-kwata ba. Siffarta ta yi saura a cikin fayilolin wasan, har masu tone-tone suka zaƙulo ta.

Ni a Halo 3: ODST na 2009 na fara haɗuwa da ita, a titunan New Mombasa cikin dare. Ga ta tana shawagi a hankali, jakunkunan iska a bayanta suna ɗauke da ita, hannuwanta sirara suna lilo. Na ɗaga bindiga, kamar yadda wasan ya koya mini. Sai na lura ba ta kawo mini hari. An ɗaura mata abin fashewa a jiki ne, ana tilasta mata ba sojojin Covenant, rundunar maƙiya a wasan, kariya. Hannuna ya tsaya a kan maɓalli, kuma tun daga ranar ban sake kallon rundunar nan da ido ɗaya ba. Ashe a cikinta akwai bayi, waɗanda babu abin da ke ransu sai gyaran duk abin da ya lalace.

Wannan shi ne abin da wasan farko ya rasa. Kusan duk wanda ka gamu da shi a kan Halo, duniyar nan mai siffar zobe inda labarin ke gudana, in ba naku ba ne, to abin harbi ne.

Na yaba ƙwarai da aikin Digsite da kuka fara sakin kayansa a 2023, inda ma'aikatanku da masu gyaran wasa suka farfaɗo da abubuwan da aka binne, har muka samu damar buga gwajin Halo 2 da aka nuna a baje kolin wasanni na E3 na 2003 a ƙarshen 2024. Wallahi an kyauta mana. Amma ajiye halitta a ma'adana daban, ba ta wuri a cikin labari daban.

Tunda kun sanar da sabunta wasan farko da sunan Campaign Evolved, roƙona guda ne. Ku sa Injiniya a cikin jirgin Covenant mai suna Truth and Reconciliation, ko da biyu ne ko uku, a wani lungu suna ɗinke wayoyin da harsashinmu ya tsinka. Kada a ba da lada don an kashe su, kada kuma a hana. A bar ɗan wasa da zuciyarsa, yadda aka bar ni a New Mombasa.

Na gode da sauraro.

Naku,
Wani daɗaɗɗen ɗan wasan Halo