Godiya ga shagon hayar kayan ɗaukar fim da ke kan titin IBB, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, da ku da yaran shagonku, mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, don ɗalibai 'yan bayanmu su san inda za su nufa. Mu masu koyon aikin jarida ne a nan Katsina, aikinmu na kammala karatu kuma gajeren fim ne a kan wani dattijo mai ɗinkin hula a kusa da Hasumiyar Gobarau.

Da ɗan abin da muka yi karo-karo muka tara, burinmu babbar kyamara mai ɗaukar hoto tar-tar da ake kira 4K da jirgin nan marar matuƙi, a hango hasumiyar daga sama. Duk kuna da su, kuma da kun miƙo mana da kun fi samun ciniki. Sai kuka ce mu zauna mu ba ku labarin tukuna. Kuka tambayi inda za a ɗauka, da wane lokaci, da kwamfutar da za mu tace a kanta. Da kuka duba laftof ɗinmu, kuka nuna mana cewa ɗigon hoton 4K ya ninka na 1080 sau huɗu, zai cinye katin ajiya, kwamfutar kuma ta riƙa sandarewa. Kuka ɗauko mana kyamarar Canon 600D, tsohuwa amma lafiyarta ƙalau, da gilashinta na yau da kullum don cikin zaure, da wani mai milimita 50 don matsowa kusa da hannun Baba. Da shi muka kamo allura tana nutsewa cikin zane tana fitowa, har kantar da ke bakin yatsansa ana gani. Ragowar kuɗin kuka ce a zuba a sauti.

Wannan shawarar ita ta tsamo fim ɗin. Baba mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, ga babura da keke napep suna kai da komowa a ƙofar gida, ga injin markaɗe a maƙwabta. Makirufon jikin kyamara duk abin da ya ji kwasa yake, ba ya zaɓe. Kuka haɗa mu da rakoda Zoom H1n da ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, da hularsa mai gashi saboda iskar hunturu. Yaronku ya zauna ya koya mana a tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara kafin kowace ɗauka, domin wajen tacewa a daidaita murya da motsin baki. Ya ce lallai mai riƙe da rakoda kada ya cire abin kunne, kuma kafin a tashi daga kowane wuri kowa ya yi tsit a naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya. Da wannan shirun muka cike gurabun da aka yanke, ba wanda ya gane an yi yanka. A wajen da Baba yake ba da labarin mahaifinsa muryarsa ta yi rawa, har haɗiyar yawunsa ta fito sarai.

Akwai kuma maganar wuta, wadda a gaskiya ya kamata a ce kowane ɗalibi a ƙasar nan ya san ta. Lantarkinmu na Najeriya yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, na Amurka 60. Mai bin darasin intanet ido rufe sai ya saita kyamara a hotuna 30 a daƙiƙa, ya dawo ya tarar da ƙwan fitila yana ƙyaftawa a hotonsa. Kuka saita mana a 25, shata (saurin buɗewa da rufewar idon kyamara) kuma a 1/50 na daƙiƙa. Da yake wutar janareta ba ta tsayawa wuri ɗaya, ga ƙara, kuka ba mu fitila mai batir guda, kuka ce mu sayi farin kwali a kasuwa mu riƙa maido da hasken ƙofa kan fuskar Baba. Na waje kuwa da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ba ta cin fuska. Hasumiyar ma daga ƙasa muka ɗauke ta cikin hazo, ta fito da kwarjininta.

Ba mu manta da darerakun da kuka bar mana kwamfutar shago muka gyara launi da sauti a manhajar DaVinci Resolve ba, ba tare da kun ƙara ko kwabo ba, da nacin da kuka yi cewa kullum a kwafe aikin a wuri biyu kafin a goge kati.

An duba fim ɗin a makaranta, an kuma karɓa. Sunan shagonku yana cikin jerin godiya a ƙarshensa, kuma ranar da za mu nuna wa Baba da iyalansa muna roƙon ku halarta. Allah Ya ƙara buɗi, Ya tsare dukiya, Ya albarkaci zuri'a, Ya saka wa yaran shago da alheri.

Naku,
Ɗaliban da kuka taimaka wa, Katsina.