Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnan Jihar Kaduna: Ina Malaman Ƙauyukan Zazzau?

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo.

Na riƙe alli a ƙauyukan Zazzau har na yi ritaya, don haka ba jita-jita na kawo maka ba.

A 2017 gwamnatin da ka gada ta sallami malaman firamare sama da 21,000, wai sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Aka ce mu kwantar da hankali, za a ɗauki 25,000 da suka fi su. An ɗauka kam, ba mu musa ba. To, ranka ya daɗe, ina na ƙauye? Wanda aka tura can, in yana da uwa a gindin murhu, ba ya wata uku sai ka gan shi a Tudun Wada ko Samaru. Marar gata kuwa yana kwana a birni, kuɗin mota ya cinye masa albashi, ya je Litinin, sai kuma Alhamis.

Makon jiya na leƙa wata makaranta a hanyar Soba. Aji shida, malami biyu. Wata 'yar aji biyar na zaune a ƙasa, ta tura farantin gyaɗarta bayan ƙofa, tana jiran a tashi ta wuce talla. Na rubuta "makaranta" a allo na ce ta karanta. Ta sunkuyar da kai. Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, canjin naira dubu ba ya ruɗa ta. Mai hali a Zariya, in malami ya yi wasa, sai ya kai ɗansa makarantar kuɗi. Uban wannan da me zai kai ta?

Amma in sakamakon jarrabawa ya fito, a jera makarantarta da ta birni, a kira hedimasta a tuhume shi. Madalla da wannan adalci!

Ciyar da ɗalibai da aka fara a makarantu a 2016 ta cika ajujuwa maƙil, kowa shaida ne. Yanzu da kaka ta yi, yara sai ƙwadago, daga roron masara zuwa yankan rake. Zancen rufin da iska ta yaye ma na bar shi.

Don Allah, ranka ya daɗe, a ba malamin ƙauye alawus da ɗakin kwana kusa da makaranta. Wanda aka tura kuma ya yi shekara uku kafin a saurari takardar canjinsa, ko ɗan waye.

Naka,
Tsohon malami,
Ƙofar Doka, Zariya.