Bashin amsar da Baba Alhaji ke bi na: firaminista ko shugaban ƙasa?

Assalamu alaikum Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranar Lahadi a taron 'yan kasuwarmu na Agege ka karɓi lasifika ka tambaye ni gaban jama'a: mu da muka yi boko, me ya hana mu goyon bayan a koma tsarin firaminista irin na zamanin Tafawa Ɓalewa, a yar da wannan na shugaban ƙasa mai cin kuɗi kamar gara? Kafin in buɗe baki ladan ya kira magariba, aka watse. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a. Jikanka zai karanta maka a waya.

Batun tsada kam ka yi gaskiya. Sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, ga ministoci da ake ɗaukowa daga waje, kuma kundin tsarin mulki ya ce dole kowace jiha ta samu aƙalla ɗaya. Kowa da motocinsa da jiniyarsa da muƙarrabansa. A tsarin firaminista kuwa daga cikin 'yan majalisa ake fitar da ministoci, shi kansa firaministan mazaɓarsa kawai zai ci, ba sai ya karaɗe jihohi 36 da jirgin sama ba. In ya gaza, abokansa su sauke shi. A 2022 Ingila ta ga firaminista uku, Liz Truss kwana 49 ta yi. Mu nan ba a taɓa tsige shugaban ƙasa ba, in ka zaɓo wahala sai ka rungume ta shekara huɗu. Ba kai kaɗai ke wannan tunani ba, don a farkon 2024 'yan majalisar wakilai kusan 60 sun kai ƙudirin a koma tsohon tsarin.

Duk da haka ban bi ka ba, Baba. Ina ganin mutanen wancan zamani kake kewa, tsarin kuma ya ci albarkacinsu.

Ka fi ni sanin yadda jam'iyyun suke: NPC ta Arewa, AG ta Yamma, NCNC ta Gabas. Duk wanda ya riƙe yankinsa da kyau ya gama, sauran sai cinikin ƙawance a majalisa. A 1962 rigimar Awolowo da Akintola ta kai ga 'yan majalisar Yamma suna jifan juna da kujeru a Ibadan, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, gwamnatin tarayya ta sa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dakta Majekodunmi kantoma. Bayan zaɓen Disamban 1964, shugaban ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, a nan cikin Legas, ƙasa tana zaune ba a san wanda sojoji za su yi wa biyayya ba. Sarki biyu a gari ɗaya ke nan. Shekara guda bayan haka aka yi juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana irinta a 1995, shugaba Mahamane Ousmane da firaminista Hama Amadou suka kasa zama inuwa ɗaya, har Ba'are Mainasara ya kwashe su duka a Janairun 1996.

Wannan raunin ne kwamitin rubuta kundin tsarin mulki na Rotimi Williams da Murtala ya kafa a 1975 ya so ɗinkewa. Kundin 1979 ya ce yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin ɗari a biyu bisa uku na jihohi. Ka tuna shari'ar "sha biyu da biyu bisa uku" da Awolowo ya kai Shagari kan nawa ne biyu bisa uku na jihohi 19 na lokacin, wadda ƙuri'un Kano suka zama abin lissafi har Kotun Ƙoli. Dokar tana da wuyar sha'ani, amma ita ce ke tilasta ɗan Katsina ya je roƙo Enugu, ɗan Ogun ya sa babbar riga ya je Sakkwato.

A nan ne gizo ke saƙar ga irinmu mazauna Kurmi. Ranar zaɓe a rumfarmu da ke kusa da layin dogo, ana miƙo min takardu uku. Ta ɗan majalisa, in wanda na dangwala wa ya faɗi a mazaɓar, ƙuri'ata ta bi ruwa. Ta shugaban ƙasa kuwa ana tara ta da ta mai shayin Obalende da ta dillalin Alaba Rago da ta ɗan'uwana a Funtuwa, duk a kwando ɗaya. A 2023 ratar da ke tsakanin Peter Obi da Tinubu a jihar Legas ba ta kai ƙuri'a dubu goma ba. Shi ya sa ake tunawa da Sarkin Hausawa in zaɓe ya matso. In aka koma zaɓen mazaɓa zalla, wannan 'yar darajar ma ta tafi, sai fa in za a raba kujeru bisa kason ƙuri'un kowace jam'iyya kamar a Afirka ta Kudu, kuma ban ji masu ƙudirin suna zancen hakan da ƙarfi ba.

Sannan dubi 'yan majalisar da za a damƙa wa wuƙa da nama. Ba sai mun je nesa ba. A Janairun 2025 majalisar jihar nan ta tsige kakakinta Mudashiru Obasa, wakilin Agege, ta ɗora Mojisola Meranda. Ranar 3 ga Maris ta sauka ya dawo. Kwana 49 ita ma, abin dariya, daidai da Liz Truss. Tsawon lokacin nan Alausa, inda majalisar take, ta cika da jami'an tsaro, amma gwamna na ofishinsa, motocin BRT na tafiya, albasa na sauka a Mile 12. Da tsarin firaminista ne, gwamnatin ce baki ɗaya za ta yi ta hawa da sauka. A Ingila ɗan majalisa na iya shekara talatin a jam'iyya ɗaya. Namu kuwa ya kwana a wannan ya tashi a waccan, kuma a tsarin firaminista mutum ashirin in suka sauya sheƙa cikin dare sun isa su kifar da gwamnatin tarayya. Kai ɗan kasuwa ne, ka san farashin da kan ɗan majalisa zai kai a irin wannan dare.

Ban wanke tsarin yanzu ba. Shi ne ya bar Balarabe Musa a Kaduna ba kwamishinoni, majalisar NPN ta ƙi amincewa da sunayensa har ta tsige shi a 1981. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Senegal ta soke majalisar dattawanta a 2012, tana nan da shugabanta. Mu ma a mai da majalisa ɗaya, a zaftare alawus, a wajabta wa ministoci zuwa su amsa tambayoyi a zauren majalisa ana nunawa a talabijin. Wannan ɗabi'ar kam zan aro ta daga tsarinka hannu bibbiyu.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan biyo rumfarka bayan azahar. Ka sha ba mu labarin ranar da ka ga Tafawa Ɓalewa a filin sukuwa, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. Wannan karon kwanakin nan na farkon 1965 nake son ji, lokacin da Azikiwe ya ƙi kiransa: me Hausawan Legas ke faɗa wa juna a masallaci, kuma mutum nawa suka ɗaure kaya suka nufi tashar jirgin ƙasa ta Iddo?

Naka, ɗanka na Agege.