A Bar Yara Su Saba Da Kwamfuta Tun Daga Aji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina son yin tsokaci kan sanarwar Ministan Ilimi, Tunji Alausa, cewa jarrabawar WAEC da NECO za su koma ta kwamfuta, kamar yadda JAMB ta koma gaba ɗaya tun 2015. A ganina, kuskure ne yaro ya fara taɓa kwamfuta ranar jarrabawa.

Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Gombe. A zangon da ya wuce na gwada kacici-kacici ta manhajar Kahoot, inda kowace amsa ke da launinta, ɗalibi ya danna wanda ya zaɓa a waya. Ajina yara saba'in ne, na raba su gida shida, kowane gida da wayar aro guda, ni kuma na bayar da data. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba, sai ga ta tana jan rigar 'yar'uwarta tana cewa, "Danna ja, wallahi ja ne!" Kafin a kaɗa ƙararrawa na gano rabin ajin bai fahimci kaso cikin ɗari ba, abin da a da sai na kwana biyu ina duba littattafai kafin in gane. Akwai hayaniya kam, har malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo.

Ina roƙon Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Gombe ta horar da malamai kan tsara irin waɗannan tambayoyi, ta samar da sola da 'yan kwamfutocin hannu, a ware darasi guda kowane mako, a fara da 'yan ajin ƙarshe.

Naku,
Malamin lissafi, Tudun Wada, Gombe