A Adana Tarihin Kwalejin Barewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan ta tare a Zariya a 1949, kafin a raɗa mata sunan Barewa a 1971. Makarantar da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Shagari da Gowon da Murtala ta cancanci a tattala tarihinta. Ina kira ga tsofaffin ɗalibanta da gwamnatin Jihar Kaduna da su tattara tsofaffin rajistoci da hotuna tun gara ba ta cinye su ba, su kuma naɗi bayanan dattawan da suka rage.

Naka,
Mai karatu, Tudun Wada, Zariya