Malam Edita, guza ba ya tsayawa daidai girman bahon da anka sa shi

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya iyali ya kuma zafin wanga lokaci. Ni tela ne a nan Yamai amma asalina mutumen Tawa ne, kuma shirinku na noma da kiwo ba ya wuce ni, keke na gabana rediyo na gefe. Abun da ya sa na ɗauki waya na rubuto shi ne maganar da na ji a shirin da ya wuce, inda wani matashi ya bugo yana tambaya ko zai iya kiwon ɗan guza a gida, sai wani mai sauraro ya biyo bayanshi ya ce ai ba komai, wai guza daidai wurin da ka ajiye shi yake girma, in ka sa shi a ƙaramin baho ƙarami zai tsaya. Lokaci ya ƙare ba a samu wanda ya gyara maganar ba, ni kuma ta tsaya mini a rai, don wallahi irin maganar da anka faɗa ma ɗana kenan ranar da ya shigo mana da nashi.

Shekara ukku da sunka wuce ne, ƙarshen damina, ruwan kogi ya cika gonakin shinkafa na wajen Saga, yaron ya dawo daga lakwal da wani ɗan abu cikin kwali wai ya saya hannun wasu yara masu kamun kifi. Gaskiya abun gwanin kyau, baƙi wuluk da ɗigo-ɗigon rawaya jere kamar anka yi mishi zane da allura, harshe mai reshe biyu yana ta fiddo shi yana maidawa. Da yake metir ɗin awo kullum yana wuyana sai na auna shi, santimita 30 daga hanci har ƙarshen wutsiya, kuma fiye da rabi duk wutsiya ce. Munka sa mishi ruwa a bahon wanki munka rufe da raga, ana ba shi fara da ƙananan kifi.

Tun daga nan na riƙa auna shi ina rubutawa a bayan littafin awon mutane. Watannin farko kusan duk sati biyu sai ka ga fatarshi tana saɓa tana fita gutsi-gutsi, alamar jiki na ƙaruwa kenan. Da ɗari ya shigo wajen Disamba da Janairu sai ya rage ci, ya kwanta a rana kawai ba ya ko motsi har yaron ya fara kuka wai zai mutu, ashe haka halittarsu take, jikinsu ba ya yin ɗumi da kanshi kamar namu ko na akuya, daga rana suke samu, in ba ɗumi abinci ba ya narkewa in abinci bai narke ba girma ya tsaya. Zafin Maris da Afrilu na sauka sai ka ce an kunna inji, ci ba dare ba rana, kwaɗi, dodon koɗi, kayan cikin kaji, ƙwai, duk abun da ka jefa. Ya cika shekara ɗaya yana santimita 85. Baho ya daɗe da yi mishi kaɗan, mun koma rabin tano, daga nan sai da na kira magini ya yi mishi ɗan kwalbati da siminti a bayan ɗaki. Shekara biyu ya wuce mita ɗaya da santimita 30, kuma daga nan ne na lura tsawon ya fara tafiya a hankali amma kauri na ƙaruwa, wuya ya cika, kai ya yi faɗi, gindin wutsiya ya kai kaurin damtsena.

To Malam Edita wanga ba wai namu ne ya fita daban ba, haka jinsin yake. Guzan kogunanmu shi ne mafi tsawo cikin dangin ƙadangaru na Afirka kaf, babba yana kaiwa mita ɗaya da rabi har zuwa mita 2, wasu ma su ɗan wuce, kuma namiji ya fi mace girma. Mutane suna haɗa shi da damo shi ya sa suke raina shi, alhali damo na tudu ne, gajere mai kauri, da wuya ya wuce mita ɗaya da wani abu, ga shi da sanyin hali har ana mishi kirari da sarkin haƙuri. Guza ba haka yake ba ko kaɗan. Shi kuma wanda samari ke gani a TikTok da Facebook ana rungumarshi ana mishi wanka kamar jariri, galibi na ƙasashen Asiya ne, irin su Tailan da Indonesiya, wancan ma ya fi namu girma, an taɓa auna ɗaya a Siri Lanka ya kai mita 3 da santimita 21, duk duniya in ka cire dodon Komodo ba ƙadangaren da ya fi shi nauyi. Wanda ke ɗaukar bidiyon ba ya nuna maka ɗakin da ya gina ma dabbar ko kuɗin abincinta na wata.

Abun da ya fi ci mini rai shi ne inda maganar nan ta “yana tsayawa ƙarami” ta samo tushe, don na gan shi da idona. Abokin ɗana ya sayi nashi rana ɗaya da namu, ya sa shi a bokiti cikin ɗaki inda rana ba ta shiga, yana ba shi tsokar nama zalla ba ƙashi ba komai. Bayan wata takwas namu ya ninka shi, shi kuwa yana nan ɗan mitsitsi, mutane suna cewa ka gani ai bokitin ne ya riƙe shi. Da anka kawo mini shi na taɓa haɓarshi sai na ji ta yi laushi kamar roba, ƙafafun gaba sun lanƙwashe, ba ya iya ɗaga cikinshi daga ƙasa sai ja. Ƙashin ƙadangare yana bukatar kalsiyom wanda ke cikin ƙashin kifi da ɓawon dodon koɗi da sauransu, kuma yana bukatar hasken rana kai tsaye kafin jiki ya iya amfani da shi. Bai cika shekara ba ya mutu. Yunwa da duhu ne sunka hana shi girma, kuma dabba ce mai rai wadda Allah zai tambaye mu yadda munka riƙe ta.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, masu ɗura mishi kitse da ƙwai kullum a wuri matsattse inda ba ya iyo ba ya hawa, sai ya yi teɓa ya kwanta a ce ya ƙoshi, alhali kitsen nan shi ke kashe su da wuri. Wanda anka kula da shi da kyau yana iya yin shekara 10 har zuwa 20, yaron da ya sayo shi yana aji shida sai ya yi aure ya haihu dabbar na nan.

Ban ɓoye muku wahalar ba. Cikin ruwa yake kashi, don haka kullum sai an canza ruwa, mu da ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa in pampo ya ɗauke kun san abun da hakan ke nufi. Ranar da na shiga wanke kwalbatin ya kumbura wuya ya yi huci ya zabga mini wutsiya a ƙwauri, sai da shatin ya yi sati, ga farce kamar ƙugiya. Haƙoransu ma suna canzawa, na ƙarami masu tsini ne, na babba a can baya sukan zama dakusassu masu ƙarfi na fasa ɓawo, na ji yadda yake murƙushe dodon koɗi ƙaras-ƙaras na ce yatsan ƙaramar ɗiyata fa. 'Yan tsakin maƙwabta biyu ya cinye ranar da ya tura ragar ya fita, sai da na biya na ba da haƙuri. A ƙarshe dai munka nemi ma'aikatan gandun daji munka miƙa musu shi, yaron ya yi kwana biyu ba ya magana da kowa.

Ko a Amurka wanga kuskure ya faru, a jihar Fulorida wajen garin Cape Coral guzan Afirka ya yaɗu cikin magudanan ruwa tun wajen 1990, kuma ana danganta abun da waɗanda sunka tsere ko anka saki bayan sun fi ƙarfin masu su. Mu nan gidanshi ne, amma kwasar ƙananan daga bakin kogi ma ɓarna ce, uwar takan haƙa suri lokacin damina ta zuba ƙwai masu yawa, gara ta toshe ramin, su yi watanni a ciki kafin su fito, sai kuma yara su tsince su a sayar jika guda.

Dan Allah Malam Edita ku maido da maganar a shiri mai zuwa, ku gayyato likitan dabbobi ko wani daga ma'aikatar gandun daji ya yi bayanin girman dabbar da abun da dokar farauta ta ƙasarmu ta ce game da riƙe naman daji a gida, ku yi da Hausa da Zabarmanci don masunta da yaran bakin kogi su ji. In wancan matashin da ya bugo yana saurare, littafin awon yana nan a shagona, in kuna so sai in ɗauki hoton shafin in turo muku ku karanta mishi.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku, wani tela daga Yamai